Daron Baba Sila

Na dawo daga makaranta bakina cike da ɗaukaka,
ga kwat, ga takalmi mai ƙara.
Aka ce ni zan yi wa'azi ran Alhamis ta makon shan wuya,
a 'yar majami'ar Babbar Ruga,
inda kwanon rufi ke ƙas-ƙas in rana ta take.

Kwana uku ina wasa harshe kamar wuƙar mahauci.
Na tara kursiyi da walƙiya,
mala'iku masu rufe fuska da fikafikai,
da hasken da duwatsu ke narkewa a gabansa.
Na ce yau Batagarawa za ta san an yi karatu.

Da sassafe na ratsa ta bayan ɗakin magani,
sai ga Baba Sila durƙushe a gindin bedi,
daro a gabansa, ruwan ɗumi da gishiri,
ƙafar Ɗangwamma bisa cinyarsa,
ƙafar da cuta ta cinye wa yatsu huɗu
ta bar ɗaya tsaye kamar maraya.
Wari ya dake ni, na ja da baya.
Shi ko yana bin gyambon a hankali
kamar ungozoma na wankan jariri,
suna ta musun kuɗin tiyar gero a Charanchi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan.
An kira shi babban asibiti a birni, ya ce a gode masu.
Ƙannensa sun daina sa hannu a akushi ɗaya da shi,
bai daina kai masu gaisuwa ba.

Na ce, Baba, wa ya ɗora maka wannan?
Ya ce, jaki ake ɗora wa kaya, Malam,
ni sunkuyawa na yi na ɗauka.
Riƙe mini tawul ɗin nan.

Na riƙe. Takardar wa'azi na aljihu tana jin kunya.

Da yamma na hau bagade,
na dubi hannuwan da ba sa iya tafi,
sai walƙiyata ta mutu a maƙogwaro.
Abin da ya fito kaɗan ne.
Na ce: Wanda ya kafa sama babu ginshiƙi
ya tuɓe sarauta kamar babbar riga,
ya ninke, ya ajiye, ya yi ɗamara da tsumma,
ya durƙusa gaban ƙafafun masunta,
har da ƙafar da za ta je ta sayar da shi a daren.
Ba ƙarfin igiya ya riƙe shi ba,
ba ƙusa ta hana shi sauka ba.
Shi ya miƙa hannu.
Geron da ya ƙi barin rumbu
ya tsira daga ƙasa, amma ƙwari za su gaje shi;
wanda ya yarda aka binne, shi ke zangarniya.
Ni na ɗaga kai ina neman ɗaukaka cikin gajimare,
ashe tana ƙasa, hannunta cikin ruwan gishiri.

Ɗangwamma ya ɗaga dungu ya ce amin.
Baba Sila kuwa, can bencin baya,
barci ya kwashe shi tun kafin in kai ga gero.

Ran Juma'a na je ba kwat.
Ya turo mini daron da ƙafa, bai ce komai ba.
Na tsiyaya ruwa daga buta, na kamo dugadugan Ɗangwamma,
sai tsoho ya cafke wuyan hannuna.
Ya ce, tsaya, fara tsoma naka.
In ruwan ya yi zafi, shi ba zai ji ba,
naman zai sale yana dariya.
Kai za ka ji masa.

Na tsoma. Ya ƙone ni.
Can cikin majami'a mata sun fara rera waƙar gicciye,
ni ko ina durƙushe, ina jiran ruwa ya huce.